Yadda ake gane filogin hedfon na soja kafin a sa shi a jirgin farar hula

Wanda ya sayi hedfon na sojan sama na hannu yakan tarar da filogi guda ɗaya, gajere mai kauri, alhali ƙananan jirage irin Cessna 172 suna da soket biyu: PJ-055 mai kaurin milimita 6.35 na sauraro, da PJ-068 mai kaurin kusan milimita 5.2 na makirufo. Abu na farko shi ne a duba jikin filogin a wurin haske, domin sau da yawa lambarsa tana buge a kai. Idan an ga U-174/U ko U-93A/U, to irin filogin da sojan Amurka ke amfani da shi ne, mai sassa huɗu na haɗuwa da kaurin kusan milimita 7.1. Akwai wani mai kama da shi sosai da ake kira filogin NATO na Birtaniya, wanda ya ɗan fi shi kauri, saboda haka idan lambar ta goge, a auna, kada a tura shi da ƙarfi. Mai zagaye da allura biyar XLR ne na jiragen Airbus, mai allura shida kuma LEMO ne, duk ba na soja ba ne.

Gane siffar filogi shi ne mai sauƙi. Inda mutane suka fi asarar kuɗi shi ne wajen sayen wayar da ke raba filogi ɗaya zuwa biyu, suna zaton an gama. Jirage masu saukar ungulu na farar hula ma U-174/U suke amfani da shi, amma kayan cikin hedfon ɗinsu daban ne. Hedfon ɗin kamfanin David Clark samfurin H10-76 da H10-13H filoginsu ɗaya, sai dai na farko na soja ne, na biyu na farar hula.

Don tantancewa, a ɗauki mitar awon lantarki, a saita ta a om (ma'aunin turjiyar lantarki), a riƙa taɓa sassan filogin bibbiyu hedfon yana kunne. Biyun da suka sa aka ji ƙas a kunne su ne na sauraro. Idan mitar ta nuna om 10 zuwa 20, na soja ne. Idan ta nuna 150 ko fiye, na farar hula ne. Makirufon soja irin M-87 om 5 kawai yake da shi, ba shi da abin ƙara sauti a ciki, don haka rediyon ƙaramin jirgi ba zai ɗauki muryarsa ba: matuƙi zai ji hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage, ita kuwa ba za ta ji shi ba.

Mafita biyu ce. Ko dai a sayi adafta mai daidaita om da ƙara ƙarfin makirufo, ko a canza makirufon da lasifikokin kunne zuwa na farar hula. A ganina ta biyu ta fi kwanciyar hankali ga mai tashi kullum, tunda an rage haɗe-haɗen da za su iya kwancewa a sama. Kowace aka zaɓa, a gwada da rediyo jirgi yana ƙasa, a nemi hasumiya ta faɗi yadda take jin muryar.