Kafin birkila ya ɗora bulo: yadda za ka fitar wa gidanka hanyar iska a Kano

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da tagarsa ke kallon katangar maƙwabci ya san abin da nake nufi, ka buɗe taga amma ko labule ba ya motsi, zafi ya dafa ka a bazara, hayaƙin janareton wani kuma ya shigo ya zauna ya ƙi fita. Yawancin wannan matsalar tun ranar da aka ja igiya aka haƙa fandesho aka saye ta, shi ya sa gara a yi maganar tun gini bai tashi ba.

Fara da takarda. A Kano hukumar KNUPDA ce ke ba da izinin gini, wadda manya har yanzu suke ce wa KASEPPA, a Abuja kuma sashen kula da gine-gine na birnin tarayya ne. Akwai kuma kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006. Mutane da yawa kallon afuruba, wato izinin ginin, suke yi kamar hanyar karɓar kuɗi kawai, a biya don kar a zo a shafa jan fenti a katanga, amma in ka duba zanen da aka buga wa hatimi za ka ga an bar tazara tsakanin gininka da iyakar filinka, gaba da baya da gefe. Wannan tazarar ita ce hanyar iskar gidanka da na maƙwabcinka. To abin da muke yi shi ne a karɓo takarda a ajiye a durowa, sai a ce wa birkila malam cinye filin nan duka, ai kuɗi na sa na saya. Kai ka manna gininka a iyaka, shi ma na kusa da kai ya manna nasa, shi kenan ɗakunan gefe sun zama kurkuku. A unguwannin awon igiya abin ya fi muni don babu ma wanda ya tsara lungun tun farko, a nan kai ne za ka zama hukumar kanka, ka zauna da maƙwabcinka ku yi magana kowa ya ja baya kaɗan, in da hali a yi a gaban mai unguwa.

Sai girman taga. Lissafin da masu zanen gida suka saba yi shi ne taga ta kai wajen kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasan ɗakin. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 ƙafa 144 kenan, taga mai ƙafa 4 da 4 ta ba ka 16, ta wadatar. Amma ga inda ake cutuwa: tagar alminiyom mai zugewa da kowa ke yayi yanzu rabi kawai take buɗewa, wato 16 ɗin nan ta koma 8, ka ƙara ragar sauro da ƙarfen ɓarayi da labule mai kauri, me ya rage? Ni dai na fi son mai buɗewa waje gaba ɗaya, ko ma tsohuwar luba da ake rainawa, in dai gilasanta na rufuwa da kyau lokacin hazo. Kuma taga ɗaya komai girmanta ba ta jan iska, sai iskar ta samu inda za ta fita, don haka kowane ɗakin kwana a yi masa biyu a bango daban-daban, in ba hali a fitar da ƙaramar kafa a sama kusa da silin a sa mata raga, tunda iska mai zafi sama take tashi.

Ka kuma lura da inda iska ke fitowa. Da damina daga kudu maso yamma take zuwa, mai sanyi ce mai tsabta, ita kake so ta ratsa gidan. Da hunturu kuwa daga arewa maso gabas take tasowa ɗauke da ƙura, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ita ce hazon da ke hana jirgi sauka. Don haka tagogin ɓangaren arewa da gabas su zama masu rufuwa ruf, ba masu gibi ba. Ƙurar da kake gani a kan tebur ba ita ce ta fi illa ba, akwai ƙanana da suka fi silin gashi siranta wajen sau 30, su ne ke wucewa har cikin huhu su tayar wa mai asma da ciwonsa. In gidanka a bakin titi yake inda adaidaita sahu da manyan motoci ke wuni suna hayaƙi, ko kusa da masana'antun Sharada, Challawa ko Bompai, ka mayar da ɗakunan kwana baya, shago ko zaure ko sito su tare gaba.

Wani abu da ke ba ni haushi shi ne rufe tsakar gida da kwano. Kakanninmu da suka yi gidan ƙasa mai ƙaramar taga ba su shaƙe ba saboda girki a fili ake yi, hayaƙin murhu ya tashi sama ya tafi. Yanzu an rufe ko'ina an sa tayil, amma uwargida na nan da kurfotinta na gawayi a ƙarƙashin rufin, goyo a bayanta. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, kuma mata da yara ƙanana su suka fi shaƙarsa. In dole sai ka rufe, ɗaga rufin ya fi bango tsayi a bar gibi zagaye. Kicin kuma lallai ya samu tagarsa mai fita waje, ba mai buɗewa cikin falo ba, ko da gas ake girki, in akwai kuɗi a sa masa ƙaramar fanka mai zuƙo hayaƙi. Bayi ma haka, bututun sokawe kuma a ja shi ya wuce saman rufi, kar a yanke shi daidai tagar wani.

Janareto shi ne mai kisa a dare ɗaya. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, mutum na barci take tafiya da shi. Kar a kunna shi a korido ko ƙarƙashin bene ko gareji ko zaure wai don tsoron ɓarayi, a gina masa keji a waje, tazarar kamar mita 6 daga kowace taga da ƙofa, bakin salansa ya kalli fili ba tagar maƙwabci ba. Haka gawayin jin ɗumi da ake shiga da shi ɗaki da sanyi a rufe ƙofa, iskar ɗaya ce. In kuka ga mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, kar a tsaya cewa maleriya ce ko iskokai, a fitar da kowa waje a buɗe ko'ina a tafi asibiti.

Mai haya kuma da ba shi ya gina ba, kafin ka biya kuɗin shekara je ka ga ɗakin da yamma ba da safe ba, lokacin da aka ɗauke wuta kowa ya tayar da injinsa, ka buɗe tagar ka leƙa ka ga me take kallo. In ka riga ka shiga, da hunturu ka riƙa rufewa daga magariba lokacin da hayaƙin bola da na girki ke kwantawa a unguwa, ka buɗe da hantsi iska ta sauya, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya, raga kuma a wanke ta don ƙura na toshe ta. Amma kar tsoron ƙura ya sa a cusa yara takwas a ɗaki a rufe ruf da zafi, cunkoso da rashin iska na taimaka wa sanƙarau da tarin fuka yaɗuwa, waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 ba sa wasa da wannan.

In maƙwabci ne ya toshe maka taga da sabon gini ko ya juyo maka salansa, fara da sallama da magana mai daɗi, in ya ƙi sai mai unguwa. In abin ya gagara, maganar gini ta KNUPDA ce, ka je tun ginin bai kai linta ba don bayan an yi rufi da wuya a rushe. Hayaƙi da wari kuma na duba-gari ne a ƙaramar hukumarku, in kuma kamfani ne ke turo muku hayaƙi akwai NESREA, hukumar kula da muhalli ta tarayya da aka kafa a 2007, ku haɗu ku rubuta takarda ɗaya da sa hannun mutanen layin, ku ɗauki hoto da bidiyo da kwanan wata ku haɗa da ita.