Darasi na 9: Shirin Wanke Hanji Kafin Gwajin Asibiti

Akwai gwajin da likita kan zura siririn bututu mai kyamara ta dubura domin ya duba cikin babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi. Akan yi shi idan mutum yana ganin jini a bayan gida, ko gudawa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ko jininsa yana raguwa ba a gano dalili ba. Idan hanji bai wanku sarai ba, ƙaramin tsiro na iya ɓuya a bayan ƙazanta, a ce wa mutum ya sake dawowa, kuɗin mota da na gwaji sun tafi a banza.

Shiri yakan fara kwana 3 kafin ranar. A wannan lokaci ku ajiye wake, gyaɗa, riɗi, aya, dabino, kwaɗon zogale da rama, da tuwon dawa ko na gero, domin dusa da ƙwayoyi suna daɗewa a hanji. Farar shinkafa, farin burodi, dafaffen ƙwai da kifi sun wadatar. Mai shan maganin ƙarin jini yakan dakatar da shi mako guda kafin gwaji, saboda yana baƙanta bayan gida. Masu ciwon suga, ciwon ƙoda, ko masu shan maganin tsinka jini kuwa, wajibi ne su sanar da likita tun ranar da ya ce za a yi musu gwajin.

Ana gobe gwaji, ba a cin komai sai abin sha wanda ake iya hango gindin kofi ta cikinsa: ruwa, shayi ba madara, ko romon kaza da aka tace. Fura da nono da kunu duk abinci ne, ko da an tsinka su. Zoɓo ma a bar shi, domin jan launinsa yana kama da jini a idon kyamara.

Maganin wankin da asibiti ke bayarwa gari ne da ake damawa a ruwa, sau da yawa lita 2 zuwa 4, a sha rabi da yamma, rabi da asuba. Ɗanɗanonsa ba daɗi, amma idan ya yi sanyi a randa, aka riƙa shan kofi guda duk bayan minti 15, yana shiga. Ina roƙonku kada ku musanya shi da filasko ko wani jiƙo, kuma ku yawaita shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Alamar hanji ya wanku ita ce abin da ke fita ya zama ruwa garau mai ɗan rawaya kamar fitsari.

Wanda zai taso daga Yawuri ko Zuru zuwa Birnin Kebbi, gara ya kwana kusa da asibiti, inda akwai makewayi da buta a kusa, don maganin ba ya jiran mota ta tsaya. Ya kuma zo da ɗan rakiya, saboda allurar da ake yi wa mutum lokacin gwajin tana sa maye, ba a tuƙa mota ko babur sai bayan awa 24.