Yadda Za Ka Zaɓar wa Mai Jiran Littafi Wani Labarin Binciken Laifi

Idan littafi ya yi tashe, musamman bayan an mayar da shi fim, kwafi ɗaya ko biyu da ke laburare ba ya isar masu nema, sai ma'aikaci ya dinga rubuta sunaye a layin jira. Haka ta faru da Gone Girl na Gillian Flynn, wanda ya fito a 2012 aka yi fim ɗinsa a 2014. Aikin da ke gabanka, kai ma'aikacin laburare, shi ne kada mai karatu ya fita hannu rabbana, kuma kada ka haɗa shi da abin da zai ajiye bayan shafi goma.

Fara da sanya sunansa a layin, ka gaya masa gaskiyar adadin mutanen da ke gabansa, domin ya san ba kana neman sallamarsa ba ne. Daga nan ka tambaye shi: "Malam, me ka ji game da littafin nan da ya ja hankalinka?" Wannan tambaya ita ce ginshiƙin aikin, domin littattafan da ake jerawa a kanta ɗaya da sunan binciken laifi ba abu ɗaya suke ba mai karatu ba.

Wanda ya ce abin da ya burge shi game da Gone Girl shi ne mace ta ɓace ranar cikar aurenta shekara biyar, ana zargin mijinta, kuma ba a san wanda za a gaskata cikinsu ba, to mai ba da labari marar tabbas yake nema. Irin wannan ka miƙa masa The Girl on the Train na Paula Hawkins, na 2015, inda mai ba da labarin take fama da shaye-shaye har ba ta amince da abin da take tunawa ba. In kuwa ruɓewar da ke ɓoye a cikin gida ce ta ja shi, My Sister, the Serial Killer na Oyinkan Braithwaite, na 2018, ya fi dacewa. A Legas labarin yake, tsakanin wata ma'aikaciyar jinya da ƙanwarta mai kashe samarinta, kuma babobinsa gajeru ne, mai ƙarancin lokaci ma zai gama shi. A ganina wannan ya fi zama a zuciya, domin tambayar da ke cikinsa ta zumunci ce: ina iyakar rufa wa ɗan'uwa asiri?

Akwai kuma mai son ya yi gasa da marubuci wajen gano wanda ya yi kisan. Shi Agatha Christie ce maganinsa, musamman And Then There Were None na 1939, inda mutum goma suka maƙale a wani tsibiri suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai son bin ɗan sanda mataki-mataki kuwa a ba shi Wife of the Gods na Kwei Quartey, na 2009, wanda Sufeto Darko Dawson ya baro Accra zuwa yankin Volta na Ghana domin binciken kisan wata ɗalibar likitanci. Littafin nan shi ne na farko a jerin labaran Darko Dawson, kuma ƙa'ida ce ka fara ba mutum na farko, domin na baya sukan tona abin da ya gabata.

Kafin ka miƙa komai, ka duba ka tabbatar yana kan kanta, domin ba amfani ka cire mutum daga wani layi ka jefa shi wani. Ka kuma tambaya cikin ladabi ko yana jure bayanin jini da kalaman batsa, saboda da yawa daga cikin sababbin littattafan nan ba sa sakayawa, alhali na Christie kana iya ba ɗalibin sakandare ba tare da fargaba ba.

Littafi biyu ko uku sun isa, ka bayyana kowanne da jimla ɗaya wadda ba ta wuce abin da ke babin farko ba. Ko cewa "ƙarshensa zai ba ka mamaki" ka guje mata, domin tana sa mai karatu ya zauna cikin shirin zargin kowa tun daga shafin farko. Ranar da ya dawo da littafin ka tambaye shi inda ya fi jin daɗi da inda ya gundure shi, ka rubuta amsar a gefen sunansa domin zaɓi na gaba.