Yadda za ka gane son rai a sharhin rikicin Najeriya da Nijar

Mai sharhin da ya ɗauki ɓangare ba kasafai yake shirga ƙarya tsagwaronta ba, domin ita saurin kamuwa take yi. Dabararsa ita ce zaɓen ranar da zai fara ba ka labari. Saboda haka aikinka na farko, kafin ka saurari kowa a rediyo ko Facebook ko TikTok, shi ne ka jera ranakun da kanka a takarda.

Ga waɗanda ba a jayayya a kansu. Ranar 26 ga Yuli 2023 dakarun tsaron fadar shugaban ƙasar Nijar, ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani, suka tsare shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga watan, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka ta ECOWAS, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO, ta zauna a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, ta ba sojoji wa'adin mako guda su mayar da Bazoum kan mulki, ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki. A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, a watan Maris aka buɗe iyaka. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga ƙungiyar a Janairu 2024, ficewar ta tabbata a ƙarshen Janairu 2025.

Yanzu ka ɗora sharhin a kan wannan jeri. Wanda ya fara labarinsa daga yanke wuta, zai nuna maka Najeriya a matsayin babban wa da ya shaƙe ƙaninsa ba gaira ba dalili, Bazoum kuwa ko sunansa ba za ka ji ba. Wanda ya fara daga 26 ga Yuli ya tsaya nan, zai nuna maka sojoji masu ƙwacen mulki kaɗai, ba zai gaya maka cewa kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa a lokacin ba, balle ya yi zancen asibitocin da suka koma kan janareta da tsadar abinci da magani. Akwai kuma na uku, mai komawa da kai zamanin mulkin mallakar Faransa da yuraniyom ɗin Arlit, ya yi ta yawo can har lokaci ya ƙare bai taɓo tambayar da aka yi masa ba. Dukkansu gaskiya suke faɗa, amma kowa guntunsa ya yanko. Ka yi alama a kan ranakun da mai magana ya tsallake, nan son ransa yake.

Sai kalmomi. Ka ɗauki minti biyar na farkon sharhin, ka rubuta sunan da yake kiran kowane ɓangare da shi. "Masu juyin mulki" da "hukumomin riƙon ƙwarya" mutane ɗaya ne, amma ba hukunci ɗaya aka yanke musu ba. Haka "karen farautar Faransa" da "jagorar dimokuraɗiyya a yankin". Mai cewa "zancen ƙasa ne", taken magoya bayan sojojin Nijar, ya riga ya sanar da kai inda ya tsaya, kuma wannan ya fi sauƙi, tunda bai ɓoye ba. Wanda ya fi wuyar kamu shi ne mai wasa da aikatau: idan nasa ɓangaren ya yi magana sai ya ce "ya bayyana" ko "ya tabbatar", idan ɗaya ɓangaren ne sai ya ce "ya yi iƙirari" ko "wai". Wannan 'yar kalma "wai" tana rushe magana gaba ɗaya ba tare da an kawo hujja ko ɗaya ba. Ka ƙirga sau nawa ta fito, kuma a kan wa.

A lura da wani abu kuma. Mai sharhi na gari yana cewa "gwamnatin Tinubu" ko "majalisar soja ta CNSP". Mai neman hura wuta yana cewa "'yan Najeriya" da "'yan Nijar", kamar mai sayar da albasa a Illela shi ya sa hannu kan takunkumi, ko manomin Birnin Ƙonni shi ya tsare Bazoum. Tarihin makonnin da suka biyo bayan juyin mulkin ma ya ƙaryata wannan jam'u: Majalisar Dattawan Najeriya ba ta goyi bayan tura soja ba, sanatocin Arewa sun fito fili sun ƙi, kuma Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Muhammadu Sanusi na II da ayarin malamai duk sun je Yamai neman sulhu. Sharhin da ya share wannan yana so ne ka ga ƙasa guda a matsayin murya guda.

Mataki na gaba, ka raba zargi da hujja. Misali mafi kyau shi ne hirar da Janar Tiani ya yi da Hausa a Disamba 2024, inda ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don hargitsa Nijar, har ya ambaci ƙungiyar 'yan bindiga ta Lakurawa. Gwamnatin Najeriya ta musanta, ciki har da ta bakin Nuhu Ribadu, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Abin da ya tabbata a nan abu biyu ne: an yi zargi, an musanta. Duk wanda ya ce maka "an gano" ko "asiri ya tonu", tambaye shi wa ya gano, ina takardar, ina hoton, wane ɗan jarida ya je wurin. Haka wanda ya ce "an ƙaryata" alhali musantawa kawai aka yi, shi ma ya ƙara gishiri. Musantawar gwamnati ba bincike ba ce.

Bidiyo shi ne inda aka fi faɗawa rami. Kafin ka tura wa kowa, ka tsayar da shi, ka ɗauki hoton fuskar wayar a wurare biyu ko uku, ka saka a Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara ko wata ƙasa. Ka duba lambar mota, da kakin soja, da rubutun allunan shaguna: Faransanci ne ko Turanci? Idan guntun jawabi ne na daƙiƙa talatin, ka nemi cikakkensa ka saurari minti biyu kafin wurin da minti biyu bayansa. Fassara ma tana cin amana. Sanarwar Yamai kan fito da Faransanci, ta Abuja da Turanci, kafin su iso Hausa sun bi hannu biyu ko uku, kuma a hanya "muna nazari" kan koma "mun yanke shawara".

Ka san kuma daga ina mai magana yake magana. Hukumomin Nijar sun dakatar da RFI da France 24 a Agusta 2023, sun dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Ɗan jaridar da ke zaune a Yamai yana auna kowace kalma, don haka shirunsa a kan wani batu ba yarda ba ce. A Najeriya matsalar daban ce: da yawa daga masu yabon sojojin Nijar haushin Tinubu ne yake cin su, Nijar ɗin sanda ce kawai ta dukan abokin hamayya na gida, kamar yadda wasu masu sukar sojojin kare jam'iyyarsu suke yi. Hanya mai sauƙi ta gwada su ita ce ka koma baya. Me mutumin ya ce lokacin da Buhari ya rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020? Idan a lokacin ya kira rufewar kishin ƙasa, a 2023 kuma ya kira ta zalunci, ko akasin haka, to mai rufewar yake kallo, ba wahalar mutanen Jibiya da Maraɗi ba.

Kuskuren da masu son adalci ke yi shi ne su raba laifi biyu daidai a kowace magana don kada a ce sun karkata. Wannan ma son rai ne, na tsoro. Hamɓarar da zaɓaɓɓen shugaba abu ne da ya faru, wahalar da takunkumi ya jefa talakawa ita ma ta faru, kuma ɗaya ba ya goge ɗaya. Inda hujja ta yi nauyi a gefe guda, a faɗa.

A kan kowane babban labari, ka nemi majiya uku: ɗaya daga Nijar, ɗaya daga Najeriya, ɗaya daga waje. Abin da ukun suka haɗu a kai ka riƙe shi. Abin da ɗaya kaɗai ta faɗa, ka ajiye shi kwana guda kafin ka yaɗa. Idan kuma zancen iyaka ne, wadda ta kai kimanin kilomita 1,500 kuma ta taɓa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, kada ka yarda da wanda ya ce "an rufe" ko "an buɗe" bai faɗi mashiga ba. Abin da ke faruwa a Kamba ba lallai ne shi ke faruwa a Kwangwalam ko Maigatari ba, kuma direban da ya bi hanyar jiya ya fi mai sharhin da ke Abuja sanin shinge nawa ne a kanta.