Bi sawun ruwa da na jirgin ƙasa: yadda nake shirya doguwar tafiya a keke inda babu mota

Duk wanda ya taɓa yini a kan keke a gefen babban titi ya san rabin hankalinsa a baya yake, kunne na sauraron ko abin da ke tafe tirela ce. Ranar da na fara bin hanyar da aka haramta wa mota, sai da na yi awa guda kafin kafaɗuna su sauka. Tun daga nan irin waɗannan hanyoyi nake nema, kuma ga yadda nake zaɓensu.

Tambayar farko da nake yi wa taswira ita ce, wa ya fara shimfiɗa wannan hanya? Ruwa ba ya hawa tudu, jirgin ƙasa kuma ba ya son hawa mai tsanani. Saboda haka hanyoyi biyu ne suka fi sauƙi ga mai keke da kaya: gefen kanal, wato kogin da mutane suka haƙa, inda a da dawakai ke bi suna jan kwale-kwalen kaya, da kuma tsohon layin dogo da aka cire ƙarafunsa. Layin dogo ba kasafai hawansa ke wuce mita 2 a kowace mita 100 ba. Da wannan kaɗai za ka ratsa tsaunuka ba tare da ka sauka ka tura ba.

Ɗauki Vennbahn, hanyar keke a kan tsohon layin dogo, mai tsawon kilomita 125, daga Aachen a Jamus, ta ratsa gabashin Beljiyam, ta ƙare a Troisvierges a Luksambag. Tana bi ta gefen Hautes Fagnes, wata fadama ce a kan tudu, mai baƙar ƙasa da ke riƙe ruwa kamar soso. Daga Aachen hawa kake yi, amma ƙafarka ba za ta gaya maka ba, sai dai ka ga iska tana ƙara sanyi. Wani abin da ya burge ni, tun bayan yarjejeniyar Versailles ta 1919, wadda aka ƙulla bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, gadon layin mallakar Beljiyam ne, ko a inda ya ratsa ƙasar Jamus, sai ka zama kana Beljiyam alhali hagu da dama duk Jamus ce. Amma ka lura da wannan, don ya shafi kowane tsohon layin dogo: duk inda hanyar keke ta rabu da gadon layin, nan hawa yake jiranka. Kusa da ƙarshen Vennbahn akwai ramin da jirgi ke bi ta ƙarƙashin dutse, an rufe shi saboda jemagu, sai an kewaya ta sama, kuma a nan ne na nemi giyata mafi ƙanƙanta. Ka binciko irin waɗannan wurare a taswira tun kana gida, ka tabbata kekenka na da giya mai laushi.

Abu na biyu, wanda ya fi ba ni wahala, shi ne ƙasan hanya. "Babu mota" ba ya nufin akwai kwalta. Canal du Midi a kudancin Faransa, kilomita 240 daga Toulouse zuwa bakin Bahar Rum, aikin Pierre-Paul Riquet ne, an buɗe shi a 1681, kuma kyawunsa ba ya misaltuwa. Lokacin da na bi shi, fitowa daga Toulouse kwalta ce sumul, har na ɗauka haka za a ƙare. Can gaba sai hanya ta tsuke ta koma sawu guda, saiwoyin itatuwa sun fito fili kamar jijiyoyin hannu, ga ruwan sama da aka kwana ana yi. Tayata siririya ce a lokacin. Laka ta cushe tsakanin taya da madagadi har wilin baya ya ƙi juyawa, na tsuguna a bakin ruwa ina ƙwaƙule ta da tsinke, in yi 'yar tafiya in sake tsugunawa. A ranar kilomita 30 na yi, alhali 70 na ƙiyasta. Yanzu ba na fita da tayar da faɗinta bai kai milimita 35 zuwa 40 ba, ina rage mata iska kaɗan a kan tsakuwa, ina kuma barin sarari mai kyau tsakaninta da madagadi. Idan aka yi ruwa mai yawa a hanyar ƙasa, jinkirin yini guda ya fi maka alheri.

Sai iska. A fili mai shimfiɗa ita ce tsaunin. A Holan, inda ƙasa take kamar faranti, iska ta fi kaɗowa daga kudu maso yamma, don haka ka tsara tafiyarka ta zamo tana bayanka. Ka nemi sanin ta inda iskar yankin ta saba fitowa kafin ka yanke daga wane ƙarshe za ka fara. A Holan da Beljiyam kuma akwai tsarin da ke sauƙaƙa neman hanya: kowace mahaɗa tana da lamba, kai dai ka rubuta lambobin a jere a takarda, ka manna a kan keke, ka bi allo. Ba dukkan sassansa ne babu mota ba, sai ka tantance.

Fadama tana da nata hali. Da sassafe ne take nuna kanta, hazo kwance a kan ruwa, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, agwagin ruwa na fita daga cikin kyauro. Da magariba kuwa ta sauro ce, kada ka kafa tanti a bakin ruwan da ba ya gudu. Ka tambayi ko kogi ya yi ambaliya a makon, domin hanyar bakin ruwa ita ce ke fara nutsewa. Wasu wuraren sai da ƙaramin jirgin fito ake haye su, kuma da yawa ba sa aiki sai a watannin bazara, wasu ma suna tashi aiki tun yamma ba ta yi ba. In ka iske gadar katako a jiƙe, sauka ka tura, santsinta ba ya sallama. Kuma don Allah ka tsaya a kan hanyar da aka shata, tsuntsaye na ƙwai a cikin ciyawar nan.

A gefen kanal ba kai kaɗai ba ne. Akwai masu tafiya a ƙasa, masu kamun kifi da dogayen sandunansu, da igiyoyin jiragen da aka ɗaure. Ka buga ƙararrawa tun daga nesa, ka rage gudu. A ƙarƙashin gada hanya kan ƙuntata, ba ka ganin mai zuwa, ruwa kuma na dab da tayarka. Fitila ma kada ta bar jakarka ko da rana. A Amurka, hanyar kanal ɗin Chesapeake da Ohio, kilomita 297 daga Washinton zuwa Cumberland, tana ratsa ramin Paw Paw, kusan mita 950 cikin duhu, ruwa na ɗiga daga sama, shinge ne kawai tsakaninka da kanal. Daga Cumberland in kana da sauran ƙarfi, Great Allegheny Passage za ta ɗauke ka kilomita 240 a kan tsohon layin dogo har Pittsburgh.

Kaya kuwa kaɗan: tif biyu, faci, famfo, sifana da makullan da suka dace da kekenka, man sarƙa, rigar ruwa. Masu nauyi a ƙasan jakunkunan kariya, hagu da dama daidai. Irin waɗannan hanyoyi sukan kauce wa tsakiyar gari, za ka iya yin awa biyu ba ka ga inda za ka cika gora ba, shi ya sa nake ɗaukar lita biyu in cika duk inda na samu. Ranar farko kilomita 40 zuwa 50 sun isa. Da dare in goge sarƙa in sa mata mai, in shafa taya da yatsa ko ƙaya ta maƙale, in duba robar birki, domin yashin bakin kanal yana cinye ta cikin kwana biyu in an yi ruwa.