Babi na Shida: Yadda Ake Duba Lafiyar Tsohon Kuɗin Azurfa

Darasi na 1: Riƙo

Kafin ku karanta layi na gaba, kowa ya ajiye sulen da ke hannunsa. A shimfiɗa ƙyalle mai laushi a kan tabarma ko tebur, a ɗora kuɗin a kai. A wanke hannu, a tsane shi sarai. To, yanzu a ɗauka da yatsu biyu, babban yatsa da manuniya, a kama shi ta gefe, wato bakinsa. Kada yatsa ya hau fuskar kuɗin, kada ya hau bayansa. Gumin hannu yana barin shaida a jikin azurfa, kuma da wuya ta fita. Idan ya suɓuce maka da farko, ba komai Baba, ai amfanin ƙyallen ke nan. Sake ɗauka. Madalla.

Ga babbar dokar wannan babi: ba a wanke tsohon kuɗi, ba a goge shi. Ku faɗa da ƙarfi: ba a wankewa, ba a gogewa. Ba da toka ba, ba da lemon tsami ba, ba da tsamiya ko yashi ko man goge haƙori ba, ko da bakin riga ne. Na san Hajiya za ta ce ai ya yi baƙi, kunya ce a kai shi Kasuwar Kurmi haka. Wannan baƙin da kike gani shekaru ne suka kawo shi, kuma masu tara tsofaffin kuɗi suna son ganinsa. Abin da ba sa so shi ne ƙananan zane-zanen da guga take bari. Idonki ba zai gan su ba, amma mai saye yana ɗora gilashinsa zai gani, nan take ya karya farashinsa. Kuɗin da aka goge ba ya komawa yadda yake har abada.

Darasi na 2: Wanne ne na azurfa?

Ba kowane farin kuɗi ne azurfa ba. Nemi shekara tukuna. A jikin sule da dala, wato sule biyu, akwai bishiyar kwakwar manja a baya, shekarar tana rabe gida biyu, lamba biyu a hagun bishiyar, biyu a dama. Haɗa su ka karanta. An fara buga taro da sisi da sule da dala na Afirka ta Yamma a 1913, da kan Sarkin Ingila Joji na Biyar sanye da kambi. Daga 1913 zuwa 1919 azurfarsu kashi 925 ce cikin 1,000. A 1920 aka rage ta zuwa rabi a wasunsu, a shekarar kuma aka koma buga su da tagulla, masu launin rawaya. Kwabo da anini masu huda a tsakiya ba azurfa ba ne ko kaɗan.

Akwai kuma babbar nan mai kan mace, Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wadda fatake suka riƙa shigowa da ita Kano tun zamanin wuri. Za ku ga 1780 a jikinta. Kada wannan ya ruɗe ku: shekarar da matar ta rasu ke nan, an kuma ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara har zamaninmu. Nauyinta giram 28 ne da ɗan kai, sule kuwa giram 5.6 da ɗoriya, dala 11.3. Mai sayar da zinariya zai auna maka a sikelinsa. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma tagulla ma ba ya kama ta, don haka wannan gwaji kaɗai bai isa ba. Kada kuma ka buga kuɗin a siminti don ka ji ƙara. Idan ƙura ta rufe shekarar, karkata shi wajen haske. Kada ka goge.

Darasi na 3: Inda ya ci

Zauna bakin taga da hantsi. Riƙe ta gefe, ka karkata a hankali. Kuɗi yana fara cinyewa ne a wuraren da suka fi tudu, kamar dokin ƙofa da ƙafa ta saba takawa. A sule, dubi kambin sarki da gemunsa, sannan ganyen kwakwar. A Mariya Tariza, dubi gashinta da ƙananan duwatsun adon da ke kafaɗarta, ka juya ka dubi fuka-fukan gaggafa mai kai biyu.

Idan kan ya shafe sai inuwarsa, rubutu kuma da ƙyar yake karantuwa, wannan yawanci kuɗin nauyi ne, maƙeran fari ke sayensa su narka. Idan rubutu ya fito duka amma kambi da gemu sun baje, dillalai na rubuta masa harafin F, alamar matakin lafiyarsa ke nan. Idan kana iya rarrabe yawancin ganyen kwakwar, tudun kawai ya ɗan ci, VF ke nan. Wanda cin nasa sai an ƙura ido, ga sauran ƙyallin asali a tsakanin haruffa, shi ne EF. Wanda bai taɓa yawo a hannun mutane ba kuwa UNC. A Amurka lamba suke sawa, daga 1 zuwa 70, tsarin da wani masanin tsofaffin kuɗi, William Sheldon, ya fito da shi a 1949. In kana shakka tsakanin mataki biyu, ɗauki na ƙasa.

A makon jiya wani dattijo a ajinmu ya zo da dala tana walƙiya, ya goge ta da toka cikin dare, wai don ta hau mataki. Haba Malam! Sau nawa za a faɗa? Ƙyallin asali yana zagaya kuɗin idan ka karkata shi, na guga kuwa fari ne fat, ba ya motsi. Dalar da za ta kai VF ka mayar da ita ta nauyi da hannunka. Manya ne ku, ba yara ba. Ba a wankewa, ba a gogewa.

Darasi na 4: Aibu

Huda, tabon dalma inda aka taɓa maƙala shi a zobe ko sarƙa, lotsewar baki, lanƙwasa. Kowanne yana rage daraja ko da sauran jikin lafiya lau. Ka faɗa wa mai saye da bakinka.

Darasi na 5: Ajiya

Kowane kuɗi da 'yar takardarsa, a wuri busasshe. Kada a zuba su tare a gwangwani suna gogar juna.

Aikin gida: kawo kuɗi ɗaya, ka rubuta shekararsa da matakinsa. Kada ka wanke shi.