Yadda Ake Sake Liƙe Tagar Jirgin Ruwa na Fibar

Masu ƙananan jiragen fibar a bakin kogi nan Yamai sun sha tambayata yadda za su tsayar da yoyon taga kafin damina. Ga matakan:

1. Ku fara da safe, domin zafin rana yana sa mastik, wato gam ɗin da ake toshe gefen taga da shi, ya bushe ta sama kafin a gama aiki.
2. Ku kwance bis ɗin da turnabis.
3. Ku ɗago tagar a hankali da wuƙar roba.
4. Ku kankare tsohon mastik gaba ɗaya, saboda sabo ba ya kamawa a kan ragowar tsohon idan na silikon ne.
5. Ku goge bakin ramin tagar da aseton, ruwan sinadari mai narkar da maiƙo da datti. Hattara: kada ya taɓa gilashin tagar idan na roba ne, don yana tsattsaga shi.
6. Ku bar wurin ya bushe sarai, nesa da ƙura.
7. Idan tagar ta fashe, ku sayo sabuwa daidai da awon tsohuwar.
8. Ku zuba mastik na jiragen ruwa a kewaye ba tare da yankewa ba.
9. Ku mayar da tagar, ku ɗaura bis kaɗan-kaɗan, ɗaya nan ɗaya a kishiyarsa. A nan aka fi yin kuskure: matsewa da ƙarfi tana fitar da mastik ɗin duka, yoyo ya dawo.
10. Bayan mastik ɗin ya daskare, ku watsa ruwa daga waje, wani yana dubawa ta ciki.